Imel ɗin da isnadinsa ya yanke

Sau uku ke nan imel ɗin Islamiyyarmu yana dawowa, ga shi gobe za a rufe karɓar sunayen 'yan musabaƙa a Gwarzo.

Na kira Malam Habibu na Kabo, mai kula mana da imel. Wai na'urar can ba ta yarda ni ce na aiko ba.

Na ce, "Malam, ga sunana a ƙasa. Ko rantsuwa take so?"

Ya yi dariya. "Hajiya, kamar hadisi ne. Matanin lafiya lau, isnadin ne ya yanke."

Ya yi gyare-gyarensa, saƙon ya sake dawowa.

Gobe da sassafe zan kai sunayen da hannuna, su ga mai ruwayar ido da ido. Jama'a, ita na'urar wa ya tantance ta?