Shuɗin da Baba Sahabi Yake Nema

Daga bakin wani mai shayi a tashar Ƙonni na fara jin sunansa. "Baba Sahabi, taho ka kwashe shararka!" in ji shi, yana miƙa masa takardun ganyen shayi.

Dattijo ne siriri, yana zama a wata rumfa bayan 'yan canji, da jiƙaƙƙen ƙaro cikin gwangwani a gefensa, yana liƙa guntayen takardu a kan kwali su zama hoto. Ba ya taɓa almakashi. Da farce yake yaga takarda a hankali, ya ɗaga ta kusa da idonsa na dama, domin hakiya ta rufe na hagu. A hannunsa buhun siminti yakan zama katangar laka, takardar sabulu ta zama ganyen darbejiya. Mutanen da yake liƙawa ba su da fuska, amma daga tsayuwarsu za ka gane mai gulma da mai haƙuri.

Akwai wani kwali da kullum yake fitowa da shi, bai gama ba. Mace ce a bakin rijiya, wurin zanen ɗaurawarta fari fat, babu liƙi. Ina zaton mahaifiyarsa ce, ban dai tambaya ba. Abin da na lura, ɗayan idon ma ya fara dushewa.

Ran da ya ji ni ke riƙe da akwatin kakata, sai ya ce, "Ɗiyata, ki duba mani ƙasanshi. Da can ana naɗe sukari cikin wata shuɗiyar takarda, tsohhin mata su shimhiɗa ta cikin akwati. Ko kamar tahin hannu kinka samu, kawo mani tun ina ganin shuɗi."