Kambas ɗin da Mama ta auno da tsinken tsintsiya

A shekarar da na cika ashirin da biyu, Kawu ya zo daga Nok wata ranar Lahadi bayan an tashi coci. Ya sha faten acca kwano biyu, ya wanke hannu, sannan ya gaya wa Mama cewa idan lokacin tonon citta ya yi ban samu aiki ba, ta turo ni ƙauye. Ina zaune a wurin, amma ba da ni yake magana ba. Mama ta ce to.

Ba zan ce ba su da gaskiya ba. A aji uku na sakandare na bar makaranta, don zaman benci tun safe har ƙarfe biyu ya fi ƙarfina. Na koyi walda wata biyu, aski wata ɗaya, gyaran waya sati uku. Na tuƙa keken wani mutum har ranar da na sauke fasinja a inda ba can za su ba, saboda hanyar ta ishe ni. Aikin citta kuwa na san shi. Tonon ba ya damu na. Amma bayan an tona an wanke, sai a ba ka wuƙa da ɗan kututture, ka zauna kana tsaga ta ɗaya bayan ɗaya daga safe har yamma, wata da watanni. Wannan zaman nake tsoro.

Ana cikin haka na ji a shagon cajin waya cewa wani kamfanin masu gadi zai ɗauki samari a Kafanchan. Ba ruwansu da takardar makaranta. Gudu za a yi, daga shataletale a bi hanyar Kagoro har wata gada a juyo, mutum goma sha biyar na farko su ne masu aiki. Saura sati biyar. Na ce wannan ai nawa ne, tunda tun ina yaro ake cewa ba na zama wuri ɗaya.

Washegari da ƙarfe shida na fito da silifas da rigar da na kwana da ita, na kama gudu a layinmu. Na manta a wane gari nake. A wajenmu, idan aka ga saurayi yana gudu da sassafe ba kowa a bayansa, ba a tsayawa tambaya. Mun ga abubuwa a garin nan. Matar da ke suyar ƙosai a bakin layi ta sauke kaskonta da man a ciki ta shige gida. Mai shago ya ja ƙofa. Wani ɗan acaba ya juya mashin ya biyo ni a gefe yana cewa, "Ta ina suka shigo? Ta ina?" Ni kuma wani abu ya riga ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari, numfashi ma da kyar, balle amsa. Da na tsaya na dafa gwiwa na ce masa motsa jiki nake yi, sai ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Da silifas? Allah ya isa tsakanina da kai. Fasinja biyu na bari."

Kafin in dawo gida labari ya riga ni. Mama tana zaune a ƙofar ɗaki da kwarashinta tana saƙa hular jarirai. Sana'arta ke nan: hula da safar jarirai, rigar kujera, da tabarmar ƙofa da take kitsawa da ƙyallayen da teloli suka zubar. Ba ta ɗaga kai ba.

"Kai ne ka tashi unguwa?"

"Mama, tirenin nake yi."

"Mai tirenin yana da kaya. Kai ka yi kama da wanda ya saci akuya."

Saboda haka na shiga kasuwa wajen 'yan gwanjo. Idan ka iya tsugunno kuma ba ka jin kunya, a can za ka fito kamar ɗan wani. Na tona tulin kaya na samo singileti ruwan lemo mai ɗaukar ido, da rubutun wani yare a ƙirji wanda har yau ban samu mai karanta mini ba, da gajeren wando baƙi mai farin layi a gefe. Aljihunsa ɗaya a ɗinke yake, ban san dalili ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake rufe shago saboda ni. Mai ƙosai ma har ɗaga mini matsami take yi.

Saura takalmi. Shi kam ya fi ƙarfin aljihuna, ban kuma gaya wa kowa ba. Wata rana da rana ina cin tuwo na miƙe ƙafa, sai na ji abu yana taɓa mini tafin ƙafa. Mama ce a durƙushe da tsinken tsintsiya. Ta dafa shi a dunduniyata ta kai shi kan babban yatsa, ta ɗora yatsunta biyu a gaba, sannan ta karya.

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san wannan tsinken. Da shi ake sayo wa yara takalmin Kirsimeti. Ba a kai yaro kasuwa, don zai nuna abin da ba a shirya ba. Tsinke ake kaiwa, a zura shi cikin takalmi, idan ya kwanta daidai an gama. Yatsa biyun nan kuma na baɗi ne, don yaro ya girma a ciki.

"Mama, ki cire yatsa biyun."

"Ƙafa yana girma."

"Shekarata ashirin da biyu."

"Ni za ka gaya wa? Ci tuwonka."

Ta kai rigunan kujera da ta gama wa wata mata a zumuntar matan cocinmu, daga can ta wuce kasuwa. Da yamma ta dawo da kambas kore a cikin leda. Gaskiya takalmin ya haɗu. An wanke shi tas, ƙasansa ko cinyewa bai yi ba, ga laushi kamar katifa. Na zura ƙafa, ƙafar ta yi ta tafiya. Arba'in da biyu nake sawa. Wannan arba'in da biyar ne.

Washegari na saci jiki na je wajen mai takalman, wani Inyamuri da aka haifa a kwatas ɗin reluwe, Hausarsa ta fi tawa. Yana ganin ledar ya fara dariya.

"Kai ne mai tsinke? Na gaya wa Mama, na ce Mama, mai wannan ƙafa da gemu ko babu? Ta ce ita ta haife ka, ba ni ba."

"Oga, ka canja mini."

"Da me? Dila ɗaya na buɗe, na gudu guda uku ne a ciki, biyu sun tafi. Ga takalmin coci idan kana so, za ka yi kyau a bayan masu gudu." Ya karɓi kambas ɗin ya nuna mini wani ƙaramin rami a can sama wanda ban lura da shi ba. "Zura igiya a nan, ka ɗaure wuyan sosai. Kuma ka bar kwalta, ka bi gefen layin dogo inda ƙasa take. Abeg kar ka ce wa Mama ka zo nan."

Ko da yana da wani ma, ban san yadda zan shiga gida da takalmin da ba kore ba. Ta riga ta nuna wa matan zumunta. An yi masa addu'a.

Da Mama ta ga ina tafiya takalmi yana tafi a bayana, ba ta ce ya yi girma ba. Cewa ta yi akwai iska a gaba. Ta ɗauko ragowar zaren ulu, ruwan hoda, ta saƙa wasu abubuwa biyu kamar rabin safar jarirai, ta cusa musu auduga, ta tura su can bakin takalmin. Suka zauna daram. Na taka, na ji kamar ina shurin ɗan tsako.

Da su na yi sati huɗu, kuma a cikin sati huɗun na san sassan jikina da ban taɓa gaisawa da su ba. Ƙwaurina biyu suka fara, ciwo a kan ƙashin daga gaba kamar ana buga shi da gefen cokali, har sai da na koma gefen layin dogo ya ɗan lafa. Dunduniya ta yi bororo, ya fashe, wani ya fito a kan na farkon. Farcen babban yatsana na hagu ya yi baƙi. Gwiwa ba ta ciwo idan ina gudu, sai na zo zama a masai take tuna mini. Ban san ana hutawa ba. Na ɗauka duk ranar da ban fita ba wani ya wuce ni, don haka kullum nake fita, har Lahadi kafin coci.

Kowace yamma Mama tana dafa ruwa, ta tsoma tawul ta gasa mini ƙwauri, ta bi da man zafi. Hannunta ba tausayi. Idan na yi ihu sai ta ce, "Citta ba ya sa mutum ihu haka." Amma ba ta taɓa fashi ba, kuma rannan na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu ta katanga cewa ɗanta zai sa yunifom.

Ranar gudun, ruwan ƙarshen damina ya kwana yana zuba. Mun fi mutum ɗari a shataletale. Wasu da takalmin ƙwallo, wasu da roba, wani dogo ba takalmi sam. Aka rubuta mana lamba a hannu da maka, wani mai tumbi ya busa usur.

Rabin farko lafiya lau. Waɗanda suka tashi da ƙarfi na same su a gaba suna riƙe da ciki. A gada aka shafa mana alli a kafaɗa muka juyo. Mai allin yana ƙirgawa da ƙarfi, ni ya ce sha uku.

To amma hanya duk kududdufi ce, kuma ulu da auduga suna shan ruwa. Ba wanda ya yi wannan tunanin, ni ko Mama. Abubuwan nan biyu suka jiƙe, suka yi nauyi, suka lotse, ƙafata ta koma yawo a cikin takalmi, kowane taku sai ka ji cakwal. Wajen wani kwalbati ruwa ya cinye kwalta, dole aka sauka gefe cikin taɓo. Na sa ƙafar hagu, na ciro ƙafar hagu. Takalmin bai biyo ni ba.

Na yi taku kamar biyar da safa kafin kaina ya gane. Na san abin da ya kamata: in wuce. Gari yana gabana, ina hango rufin tasha. Amma na waiga, sai ga koren nan rabi a cikin laka, mutane suna tahowa za su tattake shi. Na tuna ta a durƙushe tana auna mini ƙafa ina cin tuwo. Na koma.

Laka ta riƙe shi da gaske, sai da na sa hannu biyu. Mayar da shi ƙafa ba zai yiwu ba, don haka na tsaya kwance ɗayan, wanda na ɗaure wuyansa tamau yadda aka koya mini. Igiyar ta jiƙe, ƙullin ya ƙi. Da haƙori na kwance. Mutane suna wuce ni ina jin numfashinsu. Na ƙarasa da safa a kan kwalta, takalmi ɗaya a kowane hannu, na wuce mutum biyu a kusa da kasuwa, dogon nan mara takalmi kuma ya wuce ni kamar an aike shi.

Na zo na goma sha takwas. Mai tumbi ya ce mun yi ƙoƙari, mu riƙa saurare.

Da na shiga gida Mama tana tsaye a tsakar gida, ba kwarashi a hannunta. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuwana, ta dubi ƙasa. Safar ta yage, jini da laka sun haɗu. Ba ta tambaye ni na nawa na zo ba. Ta sa ni na zauna a kan turmi, ta kawo ruwa a roba, ta cire safar a hankali ta wanke. Farcen nan baƙi ya fita a hannunta. Ta riƙe ƙafar ta daɗe tana kallo kamar yau ta fara ganinta.

"Ashe ya daina girma," in ji ta.

"Tun tuni, Mama."

"Ba ka gaya mini ba."

 Ta shafa man kaɗanya, ta yaga tsohon zani ta ɗaure. Sannan ta ce akwai fate a tukunya, ta shiga ɗaki ta ja labule, ta daɗe ba ta fito ba.

Bayan sati biyu Kawu ya zo da mashin ya ɗauke ni. A Nok cittar ta yi kyau a shekarar, an tara ta a bayan gida tuli kamar kabarin ƙato. Ya nuna mini kututturena a tsakanin matarsa da wata tsohuwa da ba ta ji sosai, ya miƙo mini wuƙa.

"A tsaye ake tsagawa, ba a gicciye ba. Idan ka yanka a gicciye ba mai saye."

Na ɗauki ta farko na yanka a gicciye. Tsohuwar ta karɓe ta ta jefa a bakinta, ta miƙo mini wata.