Malam Lawal Mai Kwalabe Ya Dawo

Jama'a, ku taya mu murna. Da safiyar nan matar Malam Lawal ta kira ni tana kuka, na ɗauka rasuwa za ta faɗa mini. Sai ta ce, "Yaya Sani, ya dawo! Ga shi zaune a tsakar gida."

Wata biyu yana hannun 'yan bindiga.

Ga wanda bai san shi ba, tare muke aiki a sashen gona a Safana. Da rayuwa ta yi tsada, wasu suka riƙa fasa tsofaffin baturan mota a bakin fadamarmu ta Zakka, suna narka dalma su sayar. Gubar ta shiga ƙasa, ta shiga rijiyar lambu. 'Yata Hafsat ta kwanta, shi ya kai mu asibiti a babur ɗinsa, bai tafi ba sai da ta buɗe ido.

Bayan an kori masu batur kowa ya ce fadama ta mutu, ban da shi. Ya yi ta ɗibar ƙasa a kwalabe yana kai wa abokinsa a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, suna kiwon bakteriyar da ke cikinta, yana zuba su a kwamin gwaji da ya yi a lambun. Mun yi masa dariya, har da ni. Ya ce, "Ba cinye dalmar suke ba, ɗaure ta suke, ta kasa narkewa a ruwa. Ko sharar nukiliya ana gwada irinsu a kanta."

Rabona da shi a tasha ne, zai je Ruma ɗibar ƙasa. Na ce hanyar ba kyau. Ya ce, "In na daɗe, ka riƙa ba kwamin gwajin nan ruwa. Kada ya bushe."

A hanyar aka tare shi.

Kullum ina zuba ruwan. Makon jiya sakamakon gwaji ya zo daga abokin nasa, dalmar da ke cikin ruwan ta ragu sosai, na rasa wanda zan kai wa albishir.

Yau na kai masa sakamakon. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Ya karanta takardar, sannan ya ce, "Alhamdulillahi. Amma kada kowa ya sha ruwan tukuna."

Allah Ka ba shi lafiya, Ka saka masa da alheri. Ya ce ya baro wasu a dajin. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa su a addu'a, Allah Ya maido su gida kamar yadda Ya maido mana shi.