Murmushin da Ummu Ziyad Ta Nema

Matata Wijdan, wadda duk unguwarmu a birnin Irbid ke kira Ummu Ziyad, ba ta taɓa yarda a fi ta a komai ba. Tun tana amarya haka take. Idan maƙwabciya ta shanya barguna biyu a baranda, ita sai ta shanya huɗu, ko ba su yi datti ba. Amma abin da aka fi saninta da shi Juma'a ce: tanda a kunne tun safe, hita mai ɗumama ɗaki na ci ko'ina, jikoki na birgima gaban talabijin har magariba. Ni dai nawa ci ne da gyangyaɗi.

Sai kamfanin lantarki ya fito da sabon salo. A takardar kowane wata suna buga fuska. Gidan da bai kai maƙwabtansa shan wuta ba, tasa na murmushi, wanda ya zarce kuwa tasa a murtuke. Tamu ta zo kamar an yi mata mutuwa. Ummu Firas, bazawarar da ƙofarta ke kallon tamu, ta samu mai murmushi, ta kuma manna ta a ƙofa.

"Ka ga abin da matar nan ta yi mini, Abu Ziyad?" in ji Wijdan.

"Ke ta yi wa? Ƙofarta ce fa."

"Ƙofar da nake gani duk na fito. Da gayya ta yi."

"Ita kaɗai ce a gida, ɗanta na Dubai. Me za ta kunna?"

"Kai dama kullum bayan bare kake bi."

Kishi ne zalla, kuma ya hana ta sakat. Ta cire firjinmu na biyu, wanda gaskiya ba ma buƙata. Ta canja ƙwayayen fitila, na yaba mata. Daga nan abin ya wuce gona da iri. Tanda ta huta, hita ɗaya ta rage a tsakiyar hunturu, ruwan zafi sai da izini. Jikarmu Lujain ta kunna talabijin, aka ce ta kashe ta ɗauki littafi. Ƙaninta Yazan ya manta fitilar bayi, ya sha faɗa har ya yi kuka. Juma'armu ta fara gajarcewa, yara na gama cin abinci sai su sulale. Wijdan ba ta lura ba, hankalinta na kan mita.

A ƙarshe tamu ta zo da murmushi. Ta adana ta har Juma'a, ta yafa mayafinta mai kyau, ta tsallaka ta ƙwanƙwasa ƙofar Ummu Firas. Na bi ta don in sha kallo. Ta tsaya turus, don takardar da ke manne a ƙofar yanzu a murtuke take.

Ummu Firas ta buɗe, ɗumi da ƙamshin gurasa mai barbaɗen ganyen za'atar suka buge mu. Ga jikokinmu kwance a darduma gaban talabijin.

"Shigo, 'yar'uwa," in ji ta, da gari a hannu. "Kin ga kamfani ya yi fushi da ni. Yaran nan ne, Allah ya raya su, ba sa barin tanda ta huce."

Yazan bai ko juyo ba ya ce, "Kaka, rufe ƙofa, sanyi na shigowa."

Wijdan ta miƙa hannu za ta rufe. Sai yaron ya waiwayo ya gan ta, ya tashi zaune da sauri, yana neman abin kashe talabijin. Nan muka gane ba da ita yake ba, Ummu Firas yake kira Kaka.