Gunborg da Dokin Akwatin Murhu

Kafin ƙarfe bakwai na safe Gunborg Hållams ta riga ta jingine kekenta a bangon ma'aikata, ta shanye kofinta na farko a tsaye. Shekara arba'in da huɗu ke nan tana haka. Dawakan katako na jere a gabanta, an tsoma su a jan fenti sun bushe, ba sirdi ba linzami. Sai ta ɗauki buroshi, ta dangwali fari da gefe ɗaya, kore da ɗaya gefen, ta ja shi sau ɗaya ba ɗagawa, sai ga sirdi mai launi biyu ya fito ras. Duk baƙon da ya ce abin da sauƙi, mu a nan garinmu Nusnäs miƙa masa buroshin muke yi, mu koma gefe mu sha dariya.

Dawakanta sun shiga ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, masu sayensu kuwa ko sunanta ba su sani ba. Juma'ar nan ta ajiye aiki, ni kuma na rantse bakina ba zai yi shiru ba.

Bara tsoho Sune, wanda ke sassaƙa a gidansa yana aiko da dawakai a buhu, ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Da ya ɗan farfaɗo, wata uku ya yi yana fama da doki ɗaya tak. Ya cusa shi a ɓoye a buhun da maƙwabcinsa masassaƙi zai aiko ma'aikata, ya ce wa matarsa Majken in dokin nan bai samu fenti ba, shi da wuƙa har abada.

Ulla-Britt mai tantance dawakai ta ga wuya a karkace, ta wurga shi akwatin itacen murhu. Gunborg ta zo wucewa, ta tsaya cak.

"Wa ya jefa Sune a nan?"

"Wane Sune kuma? Wannan doki ne ko akuyar da ta yi tatul?" in ji Ulla-Britt.

"Dubi kunnen mana! Yanka uku, na ƙarshen ya zame ciki. Shekara arba'in ina shafa kunnen nan, ba mai yankansa haka sai shi."

Gunborg ba ta san alwashin da tsohon ya ci ba, hannunsa kawai ta gane. Da kanta ta tsoma dokin, ya bushe, ta zauna tana juya shi. Linzamin da aka saba jansa a miƙe, in ta ja shi haka, asirin wuyan ya tonu. Sai ta bi karkacewar, ta kwantar da geza ta ɗaya gefen. Jama'a, da ta ɗaga buroshi, doki waiwaye yake yi! Ulla-Britt ta yi ihun mamaki har masu tsoma fenti suka rugo.

Gunborg ta ɗora shi a kwandon keke sai gidan Sune. Majken ta ce ya jima yana kallonsa, hawaye na bin gemunsa.

"Kin lalata min doki, ja'ira," ya ce.

"Kai ka karkatar da wuyan, ni dalili na ba shi. Ina sauran? Buhu nake jira, malalaci."

Washegari wuƙar ta fito daga aljihun tebur.

Gunborg, ke ce mai gane mutum ta kunnen dokinsa. Ke kika koya wa rabin masu fentin garin nan ɗaukar launi biyu, kina faɗa kina tura musu burodin kirfa. Ranar Juma'a kin ce ba kya son jawabi, kuma ba wanda ya yi. Sune ne ya shigo da sandarsa, ya dire buhu kusa da butar kofi: dawakai tara, dukansu suna waiwaye.

"Ga buhunki. Sai ki tafi hutun mu gani."

Kika yi dariya har da hawaye, kika ce a miƙo miki buroshi.

Mun gode, Gunborg, mun gode ƙwarai. Ku kuma da kuka gaji kujerarta, ku gaji idonta. Kafin ku jefa doki akwatin murhu, ku dubi kunnensa tukuna.