Kason Baƙi

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne shaida a kan abin da zan faɗa.

Garinmu ƙarami ne, a bakin wani tafki tsakanin Kafanchan da Kwoi. Kakana ya zo shi da jakuna da kanwa tun kafin jirgin ƙasa. Mutanen garin suka ba shi fili a gefen ruwa, inda sauro ya hana kowa zama. Nan ya mutu, nan aka haifi mahaifina, nan aka haife ni. Daga baya aka yi coci da makarantar mishan, citta ta yi daraja, 'yan'uwanmu 'yan kasuwa suka ƙaru har muka zama unguwa.

Sau ɗaya a shekara, idan ruwa ya ja baya kafin damina, ake yin su, wato kamun kifi na gayya, a tafkin. Tsohon da ke riƙe da ruwan ya buɗe, duk ɗan gari ya ɗauki komarsa ya faɗa. Matafiya da masu ziyara ba sa shiga. Suna zama a gindin ɗorawa, a zaɓo manyan tarwaɗa a kai musu a kwando. Ana kiransa kason baƙi. Ni kaina na sha kai wa mutane shi ina murna.

Abokin kamun kifina wani malamin firamare ne, Kirista, ana ce masa Ticha. Kullum idan na yi bismilla zan shiga sai ya ce, "Malam, kifin nan ba ya jin Larabci fa."

"Turancinka yake ji?"

"Yaren mama na yake ji. Tsaya bayana ka koya."

Sai aka yi rikicin Kafanchan a tamanin da bakwai. Wutar ba ta iso garinmu ba, maganganu ne suka iso. Mutanen garin ne suka fara cewa 'yan ƙasa da 'yan zuwa. Mu ma a zaurukanmu an faɗi kalmomin da ba zan rubuta ba. A shekarar ba a buɗe ruwan ba.

Da aka sake buɗe ruwan, na ɗinke komata na tafi da hantsi. Ina naɗe ƙafar wando sai ga Ticha ya nufo ni. Bai kalli fuskata ba.

"Malam, dattawa sun yi mitin. Sun ce bana ku huta a inuwa."

"Mu wa?"

"Don zaman lafiya ne. Yara suna da zafin kai, in an haɗu cikin ruwa ba mai gani."

"Ticha, kabarin kakana ga shi can. Daga nan kana hango shi."

"Na sani, ɗan'uwana. Ba ni na yanke ba."

Na zauna a gindin ɗorawa tare da wani direban tirela da ya tsaya kallo. Ina jin ihun masu su, ina gane muryar kowa. Wajen azahar Ticha ya fito jiƙe sharkaf, ɗauke da kwando. Manyan tarwaɗa ne, ya zaɓo da hannunsa. Ya durƙusa ya ajiye a gabana kamar yadda al'ada ta ce. Direban ya yi ta godiya. Da zagina aka yi, da na san abin da zan mayar. Girmama ni aka yi, a gaban gari duka.

Na karɓa na kai gida. Uwargidana ta dubi kwandon, ta dubi busasshen wandona. Muka ci, don zubar da abinci saɓon Allah ne.

Shekara ta zagayo aka sake kawowa, wannan karon har gida. Ban ƙara taɓa ruwan nan ba. Unguwarmu ta riƙa raguwa gida-gida, wasu Kasuwan Magani, wasu Jere. Ni ma na sayar da gidan kakana cikin shekarun casa'in. Ranar tashinmu Ticha ne ya kama mini ɗora kaya a mota, yana hawaye na gaske. Da direba ya tayar da inji sai Ticha ya riƙe hannuna ta taga.

"Malam, ka riƙa kawo mana ziyara," in ji shi.