Ɗaki Mai Taya a Hanyar Dahome

Wata ranar Laraba ce a kakar shekarar 1960, ba a daɗe da gama shagalin samun mulkin kai ba, muna cikin aji a elementaren Bagudo muna bitar lissafi da ƙarfi, sai muka ji ƙugin mota daga wajen kasuwa. Motar Baba ce, na san muryarta kamar yadda na san tarinsa, amma ranar tana wani nishi da ban saba ji ba. Ana buga ƙarfen tara muka zuba a guje, yara maza a gaba, mu 'yan mata ƙalilan da ke makarantar muna biye muna riƙe da ɗankwali. A gaban ofishin dabbobi muka tarar da guntuwar a-kori-kurar da Baba ke tuƙawa, a bayanta kuma ga ɗaki sukutum, fari, da ƙofa da tagogi har da labule, yana tsaye kan taya biyu. Masu tallan fura sun ajiye ƙwarya, wani mai jaki ya manta da jakinsa, kowa yana kewaya abin yana leƙe. Ni kuwa na durƙusa tsakanin motar da ɗakin, don abin da ya fi damuna shi ne in ga da me aka ɗaure su.

Baba direban ofishin ne, mutane suna ce masa Arzika Direba. Baturen likitan dabbobi da ke yawon rangadi da ɗakin ya koma ƙasarsu, aikin allurar shanu ya dawo hannun Malam Sahabi, wani saurayi mai fara'a wanda bai daɗe da gama karatun dabbobi ba. Baba yana kiran abin tirela, mutanen gari kuwa suka raɗa masa ɗakin Bature. A ciki akwai gado mai ninkewa, da tebur da aka kafe a bango, da kwanon wanke hannu, da tulun ƙarfe na ruwa, sai kuma firji mai aiki da kananzir inda ake ajiye kwalaben allurar bushiya, cutar da ke ƙarar da garke. Wannan firjin shi ya sa dole ɗakin ya bi Malam Sahabi duk rugar da za shi, domin in allurar ta ji zafi ta lalace.

Makonni muka yi ba mu da wata hira sai ta ɗakin. In mun je ɗebo ruwa ita ce, in muna surfe ita ce, in an tura mu korar tsuntsaye a fadamar shinkafa muna kan rumfa muna kaɗa gwangwani, ita ce dai. Yara maza suka daina ƙera motar kara ita kaɗai, kowa sai ya yi mata ɗaki a baya. Ni ma na bar carafke na zauna bayan rumbu ina feƙe karan dawa, na yi tawa, na haɗa su da ƙayar bagaruwa. Da na ja ta a kan ƙasa mai laushi sai ta bi ni lafiya, da na hau da ita kan kunya sai ƙayar ta fice. Na gwada zare, na gwada lanƙwasasshiyar waya, ina ta mamakin yadda abu zai riƙe gam kuma ya bar abin da ya riƙe ya juya.

Amma duk gidanmu babu wanda ɗakin ya shiga ransa kamar Inna, mahaifiyar Baba. Ciwon ƙugu ya daɗe da zaunar da ita, iyakarta ƙofar ɗakinta da gindin ƙuka, tana kaɗi tana yi mana faɗa. Rannan da la'asar sai ta ce in miƙo mata sandarta. Muka taka a hankali har ofishin, tana dafe da kafaɗata, aka ɗaga ta aka shigar da ita. Ta danna katifar, ta ja labulen ta mayar, ta leƙa ƙarƙashin firjin ta ga 'yar wuta tana ci, sannan ta sa hannu ciki ta daɗe ba ta fitar ba. “Wuta na ci ƙasa, sama na sanyi,” in ji ta, “lalle mun daɗe duniya.” Daga nan ta juya ga Baba, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba don ɗan fari ne, ta ce, “Mai mota, wanga ɗaki yana kai mutum Dahome?”

A ranar na fara sanin cewa Inna tana da yaya mai suna Bibata a wani ƙauye bayan iyaka. Tare suka tashi, aure ya kawo Inna wannan gefen, kuma rabonsu da juna tun kafin Inna ta haifi mai bi wa Baba. Fatake kan kawo gaisuwa da ɗan ƙullin daddawa, a bana kuma sun kawo labarin cewa idon Bibata ya kusa rufewa. Inna ba ta iya hawan jaki, ba ta iya zama a gaban mota, sai dai a kwance. Ga shi rangadin Malam Sahabi, bayan ya gama da rugagen wajen Kurgu da Sharabi, zai bi ta Kaoje har bakin iyaka. Malam Sahabi ya ce shi ba ya ganin laifi a tafi da ita. Baba ne ya ƙi maganar a kwantar da ita kan gadon ɗakin. “Inna, ba a zama cikinai in mota na tahiya,” ya ce. “Ƙarhe guda ka riƙe da shi.” Inna ta yi fushi, ta kwana biyu tana amsa gaisuwarsa da ka.

Ofishin yana da a-kori-kura biyu, guntuwa da doguwa. Baba ya ba ni tabarmar da Inna ke kwana a kai, ya ce in shimfiɗa a bodin kowace. A guntuwar, tabarmar ta lanƙwashe ta hau ƙyauren baya tun ba a sa kaya ba. A doguwar ta kwanta sarai, har da sauran wurin durom ɗin mai da akwatunan aiki. Ya kuma ce doguwar mota ta fi zama daram in tana jan kaya, guntuwar kuwa tirela na iya kaɗa ta kamar yadda babban kifi ke wasa da ƙaramin kwalekwale. Sai dai mahaɗinsu ba ɗaya ba ne. A gindin guntuwar akwai dunƙulen ƙarfe kamar lemun tsami babba, hancin ɗakin kuma yana da ƙoƙo da ke kifewa a kansa a danne da makulli. Doguwar kuwa ƙugiya gare ta mai baki kamar na kada, wadda ba ta karɓar komai sai zobe. Malam Sahabi ya ce a kwance dunƙulen a mayar kan doguwar, magana ta ƙare. Baba ya ce a gwada tukuna, don hanyar iyaka ba irin wadda Bature ya saba bi ba ce.

A kwazazzabon da ke bayan makaranta aka yi gwajin da guntuwar, rabin gari na kallo. Yaron motar Baba yana ƙasa da katakon tare taya, saboda haka ana bukatar wanda zai zauna a bodi ya fuskanci baya. Baba ya ce, “Hanne za ta zauna, ita in ta kahe ido ga abu ba ta ɗagawa.” Ya ba ni guntun icce, ya ce in na ga abin da ban gane ba in bugi kan mota. Muka gangara a hankali. A kan shimfiɗaɗɗen wuri ƙoƙon yana juyawa kan dunƙulen shiru, cikin giris, gwanin kyau. Da gaban motar ya fara hawa, ɗakin kuma bai gama gangarowa ba, sai na ga hancinsa ya ƙage, ƙarfen ya yi wani siririn kuka, makullin ya ɗaga. Na buga iccen da duk ƙarfina. Kafin Baba ya taka birki ƙoƙon ya fice, hancin ɗakin ya daki ƙasa, sarƙar da aka ɗaura don tsaro ce kawai ta tare shi. Na sauko na durƙusa ina duba ƙoƙon. Da yamma na ba Inna labari tiryan-tiryan, ta saurara, washegari kuwa ta amsa gaisuwar Baba da baki.

Aka samo zobe daga wata tsohuwar tirelar tankin ruwa, maƙeri ya huda sababbin ramuka aka ɗaure shi a hancin ɗakin. Zoben ya tsallake kwazazzabon bai fice ba, sai dai shi ma da nasa halin. Yana da sarari a cikin ƙugiyar, duk tashi da tsayawa sai ya yi fizga da ƙara, ɗakin ya girgiza. Malam Sahabi ya buɗe firjin ya tarar wutar ta mutu, kwalba ɗaya ta gwaji kuma ta tsage. Ransa ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa, domin shanun mutane ne a kan wannan allurar. Suka yi kwanaki suna gyara tare. Baba ya naɗe zoben da yankin tsohuwar taya ya rage masa wasa, Malam Sahabi ya jera kwalaben cikin ɓuntun shinkafa, suka shirya cewa duk zango za a tsaya a duba wutar.

Muka tashi da hantsi a farkon hutun makaranta. An shimfiɗa wa Inna ciyawa da tabarma da bargo a bodin doguwar, an kafa mata rumfar zana a kai, ni kuma ina gefen ƙafafunta da iccena. Ɗakin yana biye da mu yana rangaji, tagoginsa suna walƙiya. Muka wuce fadamun Kaoje inda ake ta bugun shinkafa, mata suka saki sanda suna kallonmu. A kowace ruga sai an tsaya, Fulani su taro shanu, Malam Sahabi ya yi ta allura yana huda kunne, a kawo mana nono da fura. Inna tana kwance tana tambayata abin da take ji ba ta gani, wane icce ne wannan, wane gari ne wancan, zoben yana nan ko. Can bayan Kaoje muka iso wani rafi mai gangaren dutse. Muna tsakiyarsa tayar ɗakin ta dama ta faɗa rami, ɗakin ya karkace kamar zai kwanta, na ga zoben ya murɗa cikin ƙugiyar har robar ta yage, amma bai fita ba. Da aka fito da ƙyar aka buɗe ƙofa, kwalaben suna lafiya cikin ɓuntunsu, tulun ƙarfen kuwa ya tsinke daga maɗaurinsa ya faɗa kan gadon, daidai wurin matashi. Da na gaya wa Inna sai ta ce, “To, tabarmata ma ba ta da laihi.”

Iyakar ba ta cika mini ido ba. Na zaci zan ga katanga, sai na ga busasshen rafi da wani ginshiƙin siminti, da shanu suna tsallakawa abinsu. Motar ofis ba ta da izinin wucewa, saboda haka aka yi zango a ƙarƙashin wata tsamiya, aka kwance ɗakin, aka tokare shi da duwatsu, Baba ya aiki wani makiyayi da saƙo. Malam Sahabi ya kwashe kayansa ya ce shi zai kwana a rumfa, Inna ta shiga. Ta sa na share ɗakin, na kakkaɓe katifar, ta ɗaura sabon zanenta ta zauna a bakin gado tana kallon taga. Washegari da azahar sai ga wani saurayi yana jan takarkari, a kansa wata 'yar tsohuwa siririya ta rufe kai da farin mayafi. Aka sauke ta, aka hawar da ita matakalar ɗakin. Ta miƙa hannu tana lalube har ta sami fuskar Inna, ta bi goshinta da tsagar kumatunta da yatsa. Sai na ji Inna ta buɗe baki da wani harshe da ban taɓa ji a bakinta ba. Dandanci ne, in ji Baba, harshen da suka tashi da shi.

Kwana biyu Inna da Bibata suka yi a ciki, Baba da Malam Sahabi suna fita rugage da doguwar su dawo. Ni ke kai musu ruwa da abinci, in zauna a matakala ina jinsu. Wani lokaci su yi ta dariya har da tari, wani lokaci su zauna hannunsu a haɗe. Na ga Inna ta kama hannun yayarta ta sa a cikin firjin, Bibata ta janye da sauri, suka sake fashewa da dariya. Da za a rabu ba su yi kuka a gabanmu ba. Bibata ta shafa kaina ta faɗi wata magana, Inna ta gyaɗa kai. A hanyar dawowa Inna ba ta tambaye ni sunan ko icce ɗaya ba. Damina na faɗuwa fatake suka kawo labarin rasuwar Bibata.

Ɗakin ya yi wasu shekaru yana rangadi, daga baya tayoyinsa suka mutu, ya zauna bayan ofis har kaji suka gaje shi. Yau hanyar iyaka sai a je a dawo a wuni guda. A-kori-kurar zamani sun ƙara kujeru a gaba sun rage bodi, nakan dube su in ga ko yaro ba zai miƙe ƙafa a ciki ba. Jikokina suna da dangi a Benin, wato Dahome ta da, suna gaisawa ta waya, amma ba wanda ya taɓa zuwa. Ni kuwa har yanzu ina iya zana ƙugiyar nan da zobenta a ƙasa ba tare da na manta ko noti ɗaya ba, don na tambayi Baba komai a kansu kuma ya amsa mini. Abin da Bibata ta faɗa tana shafa kaina ne ban tambaya ba, na ɗauka akwai lokaci. Yanzu babu sauran wanda zan tambaya.